Kano zuwa Kumasi ta mota, kuma ni kaɗai: me ya kamata in sani?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata mai kamawa zan je Kumasi ɗaurin auren ɗan wan babana, ta mota, kuma ba ni da abokin tafiya. Fasfo ɗina sabo ne fil, ko hatimi ɗaya babu a ciki. Don Allah waɗanda suka san hanyar su ba ni haske: ta ina zan bi, me zan riƙe, me zan kiyaye?

Baba Direba: Wa alaikumus salam ɗana. Ka raba tafiyar gida uku. Kano zuwa Legas, kilomita dubu ne ko da 'yan kai, gwargwadon hanyar da aka bi. Legas zuwa Accra bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce a ciki: Seme tsakaninmu da Benin, Hilla-Condji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Ghana. Na uku Accra zuwa Kumasi, wajen kilomita 250.

Wanda yake shi kaɗai, zaman cikin mota ba shi ne wahalarsa ba. Wahalar tana wajen sauka da canjin mota da tsallaka iyaka, don a nan ne ake buƙatar mai tsare kaya, mai tambaya, mai riƙe kuɗi, kuma duk kai ne. Saboda haka ka tsara tafiyar yadda kowace sauka da kowace iyaka za ta same ka da rana. Ka kwana a Legas. Kada ka sauko daga motar Kano da kumburarrun ƙafafu ka ce za ka zarce Seme a ranar.

Ɗan Fagge: Na gode Baba. Motar Legas ɗin a ina zan hau?

Baba Direba: Manyan bas na dogon zango suna lodi a New Road, Sabon Gari. Ka je kwana ɗaya kafin tafiya ka yanki tikiti a ofis, a rubuta maka lambar kujera a jiki. Tambaya uku za ka yi kafin ka biya. Ta ina za a bi: ta Abuja, Lokoja da Okene, ko ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Jebba da Ilorin? Ta biyun ta fi gajarta a kan taswira, amma halin tsaron dajin Birnin Gwari kowa ya san shi. Direba nawa ne a motar? In ɗaya ne, nemi wata, mutum ɗaya ba ya tuƙa wuni da kwana idonsa biyu. Sai kuma a ina ake saukewa a Legas, don mai tarbarka ya san inda zai tsaya.

Ranar tafiya ka zagaya motar ka dubi tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana cewa taya ta tsufa bayan shekara huɗu ko da zanenta bai cinye ba, don roba tana bushewa, kuma zafin kwalta da nauyin kaya su ke fasa ta. Kujera kuma ka nemi ta tsakiya. Layin ƙarshe yana kan inji, ga zafi ga jijjiga. Bencin da ake dasawa a tsakanin kujeru kada ka yarda da shi ko da rabin kuɗi ne, babu abin da zai tare ka in an taka birki.

Takardar sunayen fasinjoji da za a miƙo maka, ka rubuta sunanka na gaskiya da lambar wanda zai ɗauki waya ko ƙarfe biyun dare ne. Mutane suna cika ta da lambar ƙarya don lalaci. In wani abu ya faru, da ita ake neman dangi.

Injiniya Rigasa: Baba, da girmamawa, ban yarda a tura sabon matafiyi motar dare ba. Waɗannan manyan bas ɗin da yamma suke tashi, mafi munin hanyar a cikin duhu ake ratsa shi. Ya fi masa ya yi ta zango-zango. Ya bar Kano da asuba zuwa Kaduna, ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ko Kubwa, ya kwana a Abuja, washegari ƙarfe shida na safe ya hau motar Legas. Jirgin yana aiki tun 2016, an dakatar da shi bayan harin Maris 2022, ya dawo a Disambar shekarar. Tikiti ta intanet ake saya, ana neman lambar NIN, kuma kujeru suna ƙarewa da wuri, musamman Juma'a da Lahadi.

Baba Direba: Maganarka a kan hanya take, Injiniya, sai dai ka ƙara masa canjin mota uku da kwanan otal ɗaya. Kuma motar da ta bar Abuja da safe, in aka samu cunkoso a Lokoja ko a mashigar Legas, ita ma da dare za ta shiga gari. Ƙananan motocin safen nan kuma gudu suke yi don su juyo.

Injiniya Rigasa: Shiga Legas ƙarfe tara na dare daban, ratsa daji ƙarfe biyun dare daban. In aljihunsa zai ɗauka, na rana ya fi. In ba zai ɗauka ba, to ya bi taka, amma daga cikin tasha. Motar da ke tsaye bakin titi tana kiran saura mutum ɗaya, kuɗinta ƙasa da na tasha, ita ce bai kamata ya kalla ba ma. Babu takardar suna, babu ɗan kamashon da ya san direban, kuma fasinjojin da ya tarar a ciki ba lallai ne fasinjoji ba. Wannan har cikin garin Abuja da Legas.

Hajiya 'Yar Kwatano: Ku bar batun mota tukuna, yaron nan takardunsa ne abin gaggawa. Ɗana, kana da katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa?

Ɗan Fagge: A'a Hajiya, an ce mini a boda ake saya.

Hajiya 'Yar Kwatano: Wanda ya faɗa maka haka bai so ka da alheri ba. Na bakin boda na jabu ne, kuma in jami'in lafiya ya gane, abin da za ka kashe ya ninka kuɗin na gaskiya. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka cikin makon nan ka je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai a filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Ana biya ta intanet, ka je da shaidar biya da fasfo, a yi maka allura a ba ka kati mai lambar da na'ura ke karantawa. Ka duba sunan da lambar fasfon da aka rubuta su dace harafi da harafi. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, duk wanda ya ce maka katin yana mutuwa bayan shekara goma tsohon zance yake yi.

Biza ba ka buƙata. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ka zauna har kwana 90. Amma hatimi dole ne, kuma guda shida ne a tafiya: fita Najeriya, shiga Benin, fita Benin, shiga Togo, fita Togo, shiga Ghana. Dawowa wasu shida. Duk lokacin da fasfo ya dawo hannunka, ka buɗe a wurin ka ga hatimin da kwanan watan da idonka kafin ka ɗaga ƙafa. In aka tsallake hatimin shiga wata ƙasa, a wajen fita za a ce ta ɓarauniyar hanya ka shigo, kuma ba ka da abin da za ka kare kanka da shi.

Za ka ji ana cewa sabon fasfo yana da kuɗinsa na daban. Babu dokar da ta ce haka, amma ana nema. Kada ka ɗaga murya, kada ka yi wa mai kaki wa'azi. Ka yi gaisuwa, ka tambaya cikin ladabi ko akwai rasit, ka yi haƙuri ka tsaya. Sau da yawa farashin yana sauka da kansa. Ka ware ƙananan kuɗi a aljihun gaba saboda irin wannan, kada ka taɓa zaro damin kuɗinka a gaban teburi.

Ɗan Nima: Ƙari a kan maganar Hajiya. A Aflao za a tambaye ka wurin wa za ka, ina ne adireshi, kwana nawa za ka yi. Ka riƙe sunan mai masaukinka da unguwarsa da lambarsa a rubuce, in da katin ɗaurin auren ma ka nuna. Ka ce ziyara ka zo, tunda ita ce gaskiya. Kada ka ce za ka ɗan taɓa kasuwa, domin dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma wannan kalmar kaɗai za ta jawo maka tambayoyi. Sannan ka karanta adadin kwanakin da aka rubuta a kan hatimin. Abin da aka rubuta shi ne naka, wanda ya wuce shi tara zai biya.

Ɗan Fagge: To daga Legas, mota ɗaya zan hau har Accra ko yanka-yanka? Wani ya ce yanka-yanka ya fi arha nesa ba kusa ba.

Hajiya 'Yar Kwatano: Ya fi arha ga wanda ya san farashi. Tsarinsa shi ne: Mile 2 zuwa Seme, ka tsallaka da ƙafa, ka hau tasi zuwa Kwatano, daga can wata motar zuwa Lome, ɗan acaba ya kai ka bakin Aflao don iyakar a jikin birnin take, ka tsallaka ka hau motar Accra. Mota huɗu ko biyar ke nan, ciniki biyar, cikin Faransanci a ƙasa biyu, da jaka a ka, ga 'yan "kawo in taimake ka" sun kewaye ka. Abin da ka rage a kuɗin mota, a nan zai zube.

Karon farko ka hau ta kamfani mai zuwa Accra kai tsaye. Da sassafe suke tashi, sukan karɓi fasfo ɗin fasinjoji gaba ɗaya, ma'aikacinsu ya kai a buga. Kafin ka biya ka tambaya ko kuɗin tikitin ya haɗa da na boda, a rubuta a rasit. Ka miƙa fasfo ga ma'aikacin da ka gani a ofishinsu kawai. Duk wanda ya tare ka a boda ba kaki ba katin aiki ya ce kawo fasfo, ka ce yana wurin direba, ka wuce.

Baba Direba: Kuma kada gajartar hanyar ta ruɗe ka. Shingayen bincike tsakanin Badagry da Seme kaɗai suna cin lokaci, ga jiran hatimin mutum arba'in ko hamsin sau uku. Ka ɗauka wuni guda cur ne. In ka isa Accra bayan isha'i, ka kwana, Kumasi sai da safe.

Mai Shayin Agege: Ni batun kaya zan yi magana, don a nan ake yi wa mai tafiya shi kaɗai illa. Kayanka su kasu uku. Na jiki: fasfo, katin allura, katin banki da manyan kuɗi, a cikin 'yar jakar da ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga, ka sa su a leda saboda gumi. Na hannu: ƙaramar jaka mai waya, caja, magani, ruwa, riga ɗaya, wadda ba ta rabuwa da kai ko banɗaki za ka. Na but: tufafi da tsaraba, abin da in ya ɓata za ka ji haushi amma tafiya ba za ta tsaya ba. Jakar but ka ɗaura mata ƙyalle mai launi, ka rubuta lambarka ciki da waje, ka karɓi tikitin kaya. In Ghana-mos-go ce ka naɗe ta da igiya ko salatif, zif ɗinta ba ya jure jifa. Duk inda aka tsaya sauke wani, ka leƙa ta taga ka ga abin da ake fitarwa.

In za ka yi barci, ka zura hannu ko ƙafa cikin igiyar jakar hannun, zif ɗin ya kalli jikinka. Waya kada ta kwana a aljihun gefe na kaftani.

Sai wurin tsayawa cin abinci. A irin Lokoja za ka ga bas goma iri ɗaya, launi ɗaya, a jere. Mai abokin tafiya in ya makara akwai mai cewa direba dakata. Kai babu. Don haka tun a Kano ka ɗauki hoton lambar motar, ka karɓi lambar yaron mota, ka gaisa da maƙwabcin kujerarka har ya san fuskarka. Kafin ka sauka ka tambayi direba minti nawa, ka fara da banɗaki da alwala, abinci ya zo ƙarshe don shi ana iya ƙunshewa a leda.

Anti Nas: A ƙara da wannan: kada ka ci ko ka sha abin da wani fasinja ya miƙo maka a buɗe, ko lemo, ko goro, ko alawa. Ana zuba maganin barci a ciki, mutum ya farka babu waya babu kuɗi. Ba sai ka yi rashin kunya ba, "Alhamdulillahi, yanzu na ci" ta isa. Naka ruwan ma in ka bar shi a kujera ka sauka, kada ka koma kansa.

Guzuri ka riƙe busasshe: dabino, ƙuli-ƙuli, gurasa, biskit, kilishi, soyayyar gyaɗa. Fura da nono, zogale, kwaɗon rama, salak, a bar su sai an dawo, awa kaɗan a cikin zafin mota sun lalace. A hanya ka ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka. Mutane suna ƙin shan ruwa don gudun fitsari, sai su isa da ciwon kai da jiri. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ka sha sosai in an kusa tsayawa.

Magunguna: farasitamol, gishirin zawo na leda guda huɗu ko biyar, da maganin amai in mota tana juya maka ciki, a sha shi kamar rabin awa kafin tashi, amma ka sani yana sa barci. In gishirin zawon ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada gishirin ya wuce haka. Zawo da jini ko da zazzaɓi ba na maganin tsayar da zawo ba ne, na asibiti ne. Mai ciwon suga ko hawan jini ya riƙe maganinsa a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita, ya ƙara na mako guda a kan kwanakin da ya ƙiyasta. Duk tsayawa ka sauka ka taka, a zaune ma ka riƙa motsa idon sawu, dogon zama yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan tafiya, a je asibiti a ranar.

Hajiya 'Yar Kwatano: Tunda an zo kan magani: saƙo. Da zarar an ji za ka Ghana, za a fara kawo maka ƙunshi a kai wa wane. Duk abin da ba a buɗe a gabanka ka gani ba, kada ya shiga jakarka, ko daga wa ya fito. Na tasha kuwa, wanda zai ce riƙe mini wannan wani zai karɓa a Lome, ko kallonsa kada ka yi. Tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana tun 2018, su ake yawan cusawa. A wurin bincike babu wanda zai saurari "ba nawa ba ne". Abin da ke jakarka naka ne.

Ɗan Maraɗi: Batun kuɗi. Uku za ka taɓa: naira, sefa, sidi. Sefa ɗaya ce a Benin da Togo da Nijar. Amma ta Kamaru da Chadi daban ce, ko da yake darajarsu ɗaya, ba za a karɓe ta a Kwatano ba, don haka in za ka yi canji a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ka faɗa musu ta yamma kake so. Ka nemi ƙananan takardu, na 500 da 1,000 da 2,000. Mai takardar 10,000 a hannu ba ya samun canji wurin mai ruwa.

Abin da ke rikita 'yan Najeriya shi ne lissafin dala. In ka haɗu da Bahaushen Nijar a zangon Kwatano ko na Lome ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi, don dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ɗari sefa 500 ke nan, jaka ɗaya kuma 1,000. In ka rikice ka miƙa masa waya ya rubuta lambar.

Ɗan Nima: Mu ma muna da irin tamu. A 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, 10,000 na da ya koma 1. Har yau akwai dattawa da 'yan kasuwa masu lissafi da tsohon. In aka ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 ake nufi. Kada ka firgita, kuma kada ka biya kafin ka tabbatar.

Wajen canji a boda: ka duba farashin ranar a waya kafin ka isa, ka canza kaɗan da zai kai ka gari, sauran ka yi a shagon canji mai lasisi. Ku yi lissafi a kan kalkuleta, ya ƙirga ya ba ka, ka ƙirga da hannunka, sannan ka miƙa naka. In ka gama ƙirgawa ya ce kawo in sake dubawa, to in ya dawo da su ka sake ƙirgawa daga farko, don a wannan karɓar ake zare na tsakiya. Katin bankinka na naira kada ka dogara da shi sai ka tambayi bankinka ko yana aiki a waje da kuma iyakar abin da zai fitar.

Injiniya Rigasa: Waya. Ka kira kamfanin layinka a buɗe maka yawo da layi a ƙasashen waje tun kana gida, ka zuba kati, ka kashe data in ka tsallaka don tana cinye kuɗi cikin mintuna. Akwai MTN a Benin da Ghana, babu a Togo, sai dai layin ya hau na wani kamfanin. Lambobin ƙasa: Najeriya 234, Benin 229, Togo 228, Ghana 233. In an ba ka tsohuwar lambar Benin mai lamba takwas, ka sa 01 a gabanta, tun ƙarshen 2024 suka koma goma. Soket ɗin Benin da Togo mai ƙafa biyu ne zagayayyu, na Ghana irin namu ne mai uku. Ka riƙe fawa-banki cike. Ka sauke taswirar Legas da Accra da Kumasi a Google Maps don ta yi aiki ba data. Agogo kuma: Benin lokacinmu ɗaya, Togo da Ghana suna bayanmu da awa ɗaya.

Mafi muhimmanci, ka zaɓi mutum ɗaya a gida, ba biyar ba. Ka tura masa hoton tikiti, lambar mota, shafin fasfo, da lambar mai masaukinka. Ku yi alkawarin wuraren da za ka yi magana: tashi, Lokoja, Legas, kowace boda, Accra, Kumasi. Ku kuma yanke abin da zai yi in ya ji shiru ya wuce awa huɗu ko biyar: ya kira yaron mota, sannan ofishin kamfanin, sannan mai masauki. Nuna wurin da kake kai tsaye a WhatsApp awa takwas ne iyakarsa, sai ka sabunta. Lambobi biyar mafi muhimmanci ka rubuta a takarda, don in waya ta tafi da su ta tafi. Lambar gaggawa 112 ce a Najeriya da Ghana. Hotunan tafiya kuma ka bari sai ka isa ka sa a Facebook.

Malam Na Zango: Allah ya saka wa kowa. Ɗan'uwa, ga abin da ya shafi salla. Tafiyarka ta wuce nisan ƙasaru nesa, wanda a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, kimanin kilomita 80. Za ka fara ƙasaru bayan ka fita daga gine-ginen gari: azahar, la'asar da isha'i raka'a bibbiyu, magariba da asuba yadda suke. In ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Kumasi, da isarka za ka koma cikawa. Kana da sauƙin haɗa azahar da la'asar, da magariba da isha'i, kuma wannan zai yi maka amfani don direban kamfani ba lallai ya tsaya a kan lokaci ba. Ka riƙe 'yar buta da ƙaramar darduma. In za ka yi salla a tasha, jakar hannunka ta kasance a gabanka, tsakaninka da wurin sujada.

Batun masauki kuma, hanyar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun zamanin fataken goro da ke zuwa Gwanja kakanninmu suke sauka a zango, kuma har yau akwai zango a Kwatano da Lome, akwai Nima da Sabon Zango a Accra, akwai Agege da Idi-Araba a Legas. In ka rasa kowa, ka nemi babban masallacin unguwar, ka yi salla, ka gabatar da kanka ga liman ko a kai ka wurin sarkin Hausawa ko sarkin zango. Matambayi ba ya ɓata.

Ɗan Nima: Gaskiya ne Malam, amma a bambance masa. Liman a masallacinsa da mai shago a shagonsa, an san inda za a same su gobe. Wanda ya tare ka a tasha da "sannu ɗan'uwa, daga Kano ko?" ya kama jakarka, wannan bai zama ɗan'uwa ba don ya iya Hausa. Masu damfara sun san baƙo yana sakin jiki in ya ji harshensa. In za ka yi tambaya, kai ka zaɓi wanda za ka tambaya, kuma ka zaɓi wanda ke zaune a kan sana'arsa.

Maman Ilham: Ina bin zancen nan da kyau. In mace ce za ta yi irin wannan tafiyar fa, me zai canza?

Abu Sumayya: Mace ba ta tafiya sai da muharrami, magana ta ƙare.

Shugaban Zaure: Malam Abu Sumayya, wannan mas'ala ce mai faɗi a wurin malamai, kowa ya tambayi malaminsa. A nan dabarun hanya muke tattaunawa. Hajiya, bisimilla.

Hajiya 'Yar Kwatano: Ƙanwata, duk abin da aka faɗa ya hau kanki, da ƙari kaɗan. Wajen yankan tikiti ki ce a haɗa ki kujera da mace, suna yi. Ki gaisa da dattijuwar da ke cikin motar tun a tasha, ku riƙa sauka banɗaki tare. Gwal ya zauna a gida ko ya shiga jakar ƙugu. Ki riƙe zane ɗaya na daban don wuraren da babu banɗaki mai ƙofa, da audugar mata ko da ba lokacinki ba ne. In an tambaye ki, ana jiranki a tasha, kuma ki tabbatar da gaske ana jiran naki. A otal ki karɓi ɗaki a bene, kusa da masu karɓar baƙi, ki gwada sakata kafin ki biya, ki duba taga da ƙofar banɗaki. In an ƙwanƙwasa da dare an ce ma'aikaci ne, ki kira teburin karɓar baƙi ki tambaya kafin ki buɗe. Wannan na otal ɗin har maza.

Ɗan Maraɗi: Wani ya tambaye ni ta akwatin sirri ko ba gara a bi ta sama ba, Maraɗi, Yamai, Wagadugu, a shiga Ghana ta Paga a gangaro Tamale zuwa Kumasi. A da hanya ce sananniya. Yanzu yankin da ke tsakanin Yamai da Burkina Faso yana fama da 'yan bindiga, kuma Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ba hanyar sabon matafiyi ba ce, balle shi kaɗai. Ya bi ta gaɓar teku.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri, na rubuta komai. Gobe in sha Allahu zan je batun allurar. Saura zangon ƙarshe, Yaya Ɗan Nima.

Ɗan Nima: Wannan mai sauƙi ne. Ka je unguwar Circle a Accra da safe, tashar manyan bas na kamfanin VIP, suna tashi da zarar sun cika. Ta Nsawam, Nkawkaw da Konongo ake bi, awa biyar zuwa shida in babu cunkoso. Ka sa riga mai kauri a jakar hannu, sanyin na'urar motocin nan ba wasa ba ne. A Asafo za a sauke ka. In danginka a Aboabo ko Asawase suke, ba nisa, amma ka kira su tun kana Konongo su fito su tarbe ka. In tasi za ka hau, ku gama ciniki kafin ka sa jaka a but, kuma ka ce kai kaɗai ne ko haɗaka, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Hajiya 'Yar Kwatano: Kuɗin dawowa ka ware su tun daga Kano, a wani wuri daban, kada hidimar biki ta taɓa su. Sefar da ta rage maka a tafiya ka adana, za ka buƙace ta a Togo da Benin in za ka dawo. Tsabar sidi kuma ka kashe ta kafin Aflao, 'yan canji takarda kawai suke karɓa.